Tsagar da Ke Murfin Delko

A shekarun da abin ya faru ni direba ne, ina jan wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya tsakanin Karofane, Bouza da Madaoua a ranakun kasuwa. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe a bakin tasharmu, kuma wurinsa nake zuba mai kowace safiya. Mutum ne mai barkwanci. In na tsaya sai ya ce ga yaya ya kawo tsohuwa ta sha kunu.

Da damina ta sauka sai motar ta fara abin da muke kira rate: inji ya riƙa tsallake bugu yana karkarwa, in na taka ta yi tari ta ƙi hawan tudu. Na canja buji, wato filogi, na wanke karbirato, ba ta daina ba. Na lura da safe take yi, bayan na zuba man ƙanena. In rana ta take na ƙara mai a gidan mai na Madaoua, sai ta koma lafiya lau. Da wannan kaɗai na yanke hukunci.

Wata rana, wajen ƙarshen damina, ta mutu mini a tsakiyar kori, wato rafin yashi, da mata da awaki da buhunan albasa a baya. Wata tsohuwa ta ce jakinta ya fi motata cika alkawari, kowa ya yi dariya. Washegari na isa tasha, a gaban direbobi da masu kabu-kabu, na ce ƙanena yana haɗa mansa da ruwa da kananzir. Ya ce don Allah yaya mu je gida mu yi maganar. Na ƙi. Ya zuba man kaɗan a tafin hannunsa, ya roƙe ni in duba yadda yake bushewa nan take. Ban duba ba. Mutane suka ce tunda wansa ne ya faɗa, wa zai musa? Kafin girbi babu mai tsayawa wurinsa. Ya tafi ci-rani Abijan, uwarmu kaɗai ya yi wa sallama.

Duk ranin nan motar ba ta yi rate ba, na ƙara yarda da kaina. Da ruwan farko ya sauka ta dawo da halinta, alhali man gidan mai ne a cikinta. Na kai ta wurin wani dattijon makanike a Madaoua. Ya tada inji, ya zare wayoyin buji ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Sannan ya guntsi ruwa a buta ya fesa wa murfin delko, inda wayoyin ke fitowa. Nan take inji ya yi tuntuɓe. Ya cire murfin ya nuna mini tsaga siririya kamar silin gashi, ya ce laima ke shiga nan wuta ta ɓace, in inji ya yi zafi ta bushe. Na tambaye shi ko mai zai iya jawo haka. Ya ce ɗana, mai bai san hawa ba, bai san sauka ba. Kafin shayinsa ya huce ya sa wani murfin.

Lambar ƙanena tana cikin wayata, amma ban kira ba. Na ce maganar ta fi ƙarfin waya, sai ya dawo. Gaskiya kunya ce ta hana ni. Bayan wata biyar aka kira mu cewa zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. A can aka yi masa sutura.

Bayan sadakar arba'in na tsaya a tasha na faɗi gaskiya. Wasu suka ce Allah ya jiƙansa, wasu ma sun manta zancen. Uwarmu ta saurare ni har na gama, ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da zargin ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ƴan'uwana direbobi, abu biyu na iya faruwa tare ba ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Ku bincika ƙarfe sau goma kafin ku taɓa sunan mutum. In kuma kun gane kun yi zalunci, ku nemi gafara a ranar. Ni na jira, yanzu sai dai in yi masa addu'a.