Makiyayin da Ya Ƙirga Baƙaƙe Goma Sha Uku

Don Fortunato Poma ba ya shan kofi sai ya ƙirga baƙaƙe. Shekara ashirin da shida ke nan, da zarar gari ya waye yakan fito daga ɗan ɗakinsa mai tayoyi a tsaunukan Idaho, sama da kogin Salmon, ya hau dutse, ya ƙanƙance ido. Tumaki dubu da ɗari biyu ba sa ƙirguwa suna cikin kiwo, shi ya sa ake saka baƙa ɗaya a kowace ɗari. Baƙaƙe sha biyu suka cika, garke ya cika. Ɗaya ta ɓace, to ba ita kaɗai ta tafi ba, sai a ɗaura wa doki sirdi.

Duk makiyayi ragi yake tsoro. Amma wata safiya ta Oktoba, shekara tara da suka wuce, shi ƙari ya gani. Ya ƙirga, sha uku. Ya murza ido ya sake, sha uku. Da ya ɗaga madubin hangen nesa, sai ga na sha ukun da ƙaho a murɗe da farin gindi: matashin ragon dutse ne ya sauko neman mata, yana ta goga hanci da tumakin gida.

Akwai wata cuta mai ɗaure kai. Tunkiyar gida tana yawo da ƙwayar a hancinta, tana ƙiba, abinta. Ta yi wa ragon dutse atishawa sau ɗaya, shi ke nan, ya kai wa danginsa ciwon huhu. Manya su faɗi, waɗanda suka tsira kuma su yi shekaru suna haihuwar 'ya'yan da tari ke kashewa kafin su yi wata uku. Me ya sa dabbar da ke jure ƙanƙara da damisar dutse ba ta jure numfashin 'yar uwarta? Masana na nan suna bincike. Mu kuwa masu tumakin kwarin nan muna zauren taro muna nuna wa juna yatsa, kowa na cewa ba garkensa ba ne.

Kowa a kwarin nan ya san abin da ake yi wa irin wannan baƙo: a sakar masa karnuka, ya koma inda ya fito, a ja baki a yi shiru. Don Fortunato ya ɗaure nasa karnukan. Ya taɓa tsintar gawarwakin 'yan tumakin dutse bakwai a bakin wata ƙorama, majina ta bushe musu a hanci, kuma ya san korar ragon nan aika wa danginsa cuta ne. Sai ya hau tudun da waya ke kamawa ya kira uwar ɗakinsa, Arlene Goitia.

"Don Fortunato, tsufa ya fara taɓa maka lissafi ne?" in ji ta. "Tun yaushe tumaki ke ƙaruwa a Oktoba?"

"Patrona, wannan da ƙahonsa ya zo."

Dariyarta ta ɗauke. Ta tuna masa abin da ya riga ya sani: idan maganar ta shiga takarda, za a iya ƙwace izinin kiwo a tsaunin da kakanta ya fara hawa da tumaki, in kuwa garke ya ragu, baƙon da ya zo daga Peru da takardar aiki shi ake fara sallama. Ta ce ya saki karnukan mana, wa ya gani?

"Ni na gani, Patrona."

Can ta ce, "Kai dai da taurin kai aka haife ka. Kashe wayar, ni zan kira hukumar namun daji."

Awa shida ya yi yana riƙe da baƙon da ba ya son a riƙe shi. Ya zuba gishiri a kan duwatsu don tumakin su taru wuri ɗaya suna lasa, ragon kuma ya ƙi barinsu. Wendell, ma'aikacin kula da namun daji, ya ce ya iske shi zaune a bakin hanyar da ke hawa tsauni, yana rera waƙar garinsu ƙasa-ƙasa don kada garken ya firgita. Harsashi ɗaya aka yi wa ragon. Gwaji ya nuna ƙwayar ta riga ta shiga hancin ragon.

Izinin ya tafi. Arlene ta sayar da kashi uku cikin goma na garken, ta yi wata guda ba ta gaishe shi, amma ba ta sallame shi ba. A kantin abincin dabbobi aka laƙaba masa "Sha Uku", ana tambayarsa ko yau ma tumaki sun haihu da ƙaho. Masu tsokanar nan, nawa ne a cikinsu suka taɓa sakin karnuka suka koma suka sha kofinsu?

Kai ne ka riƙe abin da kowa ke kora, Don Fortunato. Kai ne wanda ya fi kowa abin rasawa a kwarin nan, ba ka da ƙuri'a, ba ka da ko taku ɗaya na ƙasarsa, amma kai ka tsare masa tumakin dutsensa.

Makon nan yake komawa Junín, can Peru, wurin jikokin da a waya kawai suka san shi. Kafin ya tafi, Wendell ya kai shi gaɓar kogi ya miƙa masa madubin hangen nesa. Tumakin dutse saba'in da huɗu, sha tara a ciki 'ya'yan bana, babu mai tari. Tsohon ya ƙirga sau biyu kamar yadda ya saba, ya sauke madubin.

"Saura ɗaya," ya ce, yana nufin ragon da aka harbe.

Mun gode, Sha Uku. Sunan da suka ba ka don raini, da shi za mu riƙa gaishe ka. Ku kuma da za ku hau tsauni bana, ranar da lissafi ya fi yadda ya kamata, ku ɗaure karnuka, ku zuba gishiri, ku nemi tudun da waya ke kamawa.