Hostar Hajiya Rumasa'u Ba Ta Son Tafiya

Duk wanda ya je gidan Hajiya Rumasa'u a garin McLeansville, can ƙasar waje, a bayan gida zai same ta, durƙushe ƙarƙashin manyan bishiyoyi, tana ɗaga ganyen hosta ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kan jika. Hosta tsiro ce mai faffaɗan ganye da ba ta son rana.

Farkon zuwan Hajiya daga Zariya, alayyafo da yakuwa ta shuka a wurin, inuwa ta kashe su. Maƙwabciyarta Nadia ce ta ba ta hostar farko, ita kuwa ta yi mata gata irin na tsakar gida: kullum da safe sai ta share ƙarƙashinta ƙal. Tsiron ya yi ta ramewa. Sai da Nadia ta leƙo ta shinge ta ce busasshen ganyen da take kwashewa shi ne bargon saiwar. Tun ranar tsintsiya ba ta wuce ƙofar kicin.

Bayan rasuwar mijinta, ɗansu Ma'aruf ya dage sai an sayar da gidan ta koma wajensa a Raleigh, a hawa na uku. Ba ta taɓa ce masa a'a ba.

"Zan zo mana, ɗan nan. Amma ba a tayar da hosta da zafi."

Da sanyi ya shigo, ganyen ya bushe ya ɓace, ta ce yanzu ko ita ba ta san inda saiwar take ba, wa zai sa shebur a makance?

Ana cewa son shuka ne. Amma duk shekara takan raba saiwar ta ba matan masallaci, kuma duk wadda ta karɓa sai ta dawo: barewa ta cinye tata, dodon koɗi ya huda ganyen, Hajiya yaya za a yi? A ɗora shayi, a zauna har la'asar. A hawa na uku wa zai tambaye ta wani abu?

Bana Ma'aruf ya yi bincikensa. Hosta na fara leƙowa daga ƙasa sai ga shi da motar ɗaukar kaya cike da tukwanen shuka.

"Mama, na duba a intanet. Yanzu ne lokacin."

"Intanet ɗin ce ta shuka min su?"

"Mama."

"To, Malam mai bincike, ɗauko shebur."

Ta zaɓi mafi girma, mai shuɗin ganye, ta sa ya haƙo ta da ƙasarta ya sa a tukunya.

"Kai ta barandarka. In ta yi shekara lafiya, ni ma na haɗa akwati. Ba a kwashe kaya duka ba a gwada wuri ba."

Ma'aruf ya tsaya da tukunyar a hannu. Barandarsa yamma take kallo, rana na dukanta tun azahar, kuma Hajiya ta taɓa shanya barkono a wurin ya bushe kafin magariba.

"Mama, kin san za ta ƙone."

"Ni? Allah ne masani."

Ya kalle ta, sai dariya ta ƙwace masa. Ya durƙusa ya mayar da hostar raminta.

"Danna ƙasar da kyau," in ji ta. "In ka gama, shingen can barewa ta karya shi."