Ranar da Gwaggo ta shanya kwamfutata

Shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki, kowa a Cadawa bakinsa zaɓe. Ni kuwa ta gonarmu nake. Babana bai cika wata biyu da rasuwa ba Baffa, ƙaninsa, ya matso da iyaka har ya haɗiye gawon da ke gabas. Wai ni mace ce, malamar lakol mai koyar da yara, me na sani game da ƙasa?

Abin da bai sani ba, da damina na ɗauki bidiyon Baba a waya yana bin iyakar da sandarsa, yana nuna ciyawar gamba da ta raba gonakin tushe-tushe. Na zuba a kwamfutata, wayar kuma ta ɓace daga baya. Maigari ya ce in kawo shaida ranar kasuwa.

Ana jibi zama na kunna kwamfutar. 'Yar koriyar fitilarta ta kama, fanka na huci, fuska kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na hau babur har Gazawa wurin mai gyara. Ya cire batir, ya danne makunni, ya zare wani ɗan falle daga cikinta ya goge ya mayar. Shiru. Ya ce sai Maradi, kuma sai na bar ta mako guda. Na ce ko kwana ba za ta yi a hannun wani ba.

Safiyar zaman na sake kunna ta, na bar ta a buɗe kan tabarma, na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Na fito ban gan ta ba. Gwaggo, yayar Baba, ta ɗora ta kan danga a tsakiyar rana.

"Gwaggo! Mi kika yi haka?"

"Yo ɗiyata, ba haka muka yi ma batirin radiyo ba? In ya sha rana ya hwarhwaɗo."

Raina ya ɓaci, na rugo in fizge ta. Ina sunkuyawa sai na hango rubutu dishi-dishi a ƙarƙashin baƙin. Ashe fitilar cikin fuskar ce kawai ta mutu, komai na nan, hasken rana ne ya tono shi.

A ƙofar maigari dattawa na zaune a inuwa. Baffa ya leƙa ya yi dariya.

"Akwatin naki ya makance, malama."

"Baffa, taso rana ka gani."

Na tsaya a tsakar fili riƙe da ita, na ƙi matsawa inuwa ko taku ɗaya. Maigari ya fara tasowa, sauran suka biyo shi, kowa na kare ido da tafi. Na danna. Muryar Baba ta fito sarai, ga inuwarsa kuma tana dafa gawon.

Baffa ne ya zo a ƙarshe. Ya daɗe a duƙe, zufa na ɗiga daga gemunsa kan madannai, muryar wansa na cewa, "Daga nan zuwa nan na ɗiyata ne." Ban goge zufar ba, na sake danna masa daga farko.