Kwando Uku na Inna Mai-Banda

Shekara shida da wata bakwai ke nan rabona da Wara. Ban san ina ƙirga su daki-daki haka ba sai ranar Talatar da ta wuce, da Malam Ɗanjumma, wanda ke fataucin bandar kifi daga Yelwa zuwa nan Ikko, ya zo har ƙofar gidan da nake gadi. Bai taɓa zuwa ba. Kullum ni nake bin sa kasuwa in ba shi saƙo. Ina hango shi tafe, ba kwando ba buhu, na san ba lafiya ba.

Muka gaisa. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafin gari, ya sake tambayar aiki.

Na ce, "Malam, hwaɗa mini kawai."

Ya ce, "Sahabi, sai haƙuri. Inna ta cika. Yau kwana tara."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mata sutura, an kai ta makwancinta, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ni kuwa ina nan ina buɗe wa motar wani ƙofa.

Mahaifiyata ce. Mutanen bakin ruwa, daga Wara har Ngaski, Inna Mai-Banda suke ce mata, domin tun rasuwar mahaifinmu da ƙyafe kifi ta riƙe gida. Ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Abin da ta bari shi ne hali, kuma shi nake so in rubuta tun ina iya tunawa da muryarta.

Inna ba ta taɓa zama babu mage ba. Mu can mussa muke cewa. Shekarar da ruwan dam ya ci tsohon garinmu aka kwashe mu zuwa sabon matsuguni, mata suna ta faɗa a kan tukwane da turame a cikin jirgin ruwa, ita kuwa ta zauna da kwando a cinya, ta rufe shi da zane, mage da 'ya'yanta biyu a ciki. Mai jirgi ya ce, "Inna, mutane ba su samu wuri ba, ke kina ɗauko mussa?" Ta ce, "Ita ma ruwa ya ci ɗakinta, kuma ba a biya ta diyya ba." Jirgi duka ya ɗauki dariya, a ranar da ba wanda ya yi niyyar dariya.

Ban taɓa ganin ta kashe kwabo a kan magen nan ba, ban kuma taɓa ganin su da rama ba. In ta gyara kifi, kai da kayan ciki ba sa zuwa juji. Takan tafasa su da dusa a wata tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki, mage su ci nasu, kaji su ci saura. In ƙuma ta kama su, tokar murhun banda ce magani, ta bar ta ta huce ta murza musu. In muzuru ya dawo da rauni daga yawonsa, man kaɗe ne, tana shafawa tana yi masa faɗa kamar ɗan da ta haifa. Haka take da komai na gida. Man da ke ɗiga daga tarwaɗa a kan wuta tana tara shi a kasko, shi ne man miyarmu. Gero da kaka take saye, lokacin da manoman Shanga ke neman kai da shi. Tuwon dare bai taɓa kwana a banza ba.

Wasu sun ce rowa ce. Ta ji, ba ta damu ba. Takan ce, "Mai rowa ciki shika hanawa. Ni juji nika hanawa." Shaida kuwa, ba baƙon da ya taɓa fita gidanmu da yunwa.

Yanzu sai in faɗi laifina, don ba adalci ba ne in yabe ta in ɓoye dalilin da ya sa ta rasu ba na kusa.

A shekarar da na tafi, ina da aure, matata Rakiya tana da ciki, kifi ya yi ƙaranci a tafki. Na zauna na yi lissafi irin na wanda ya yi aji shida yana ganin ya fi kowa. Na ce kawunan kifin da mage uku ke ci, in an ƙyafe su, akwai masu saye. Na ce maganin ɓera na sule ɗaya zai yi aikin da suke yi. Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Sahabi, guba ba ta shiga ɗakin abinci. Bar wagga magana." Ban bari ba. Ranar kasuwa na saya, na kwaɓa da tuwo, na ajiye a lungun ɗakin banda ban gaya wa kowa ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Inna ta shiga fito da kaya. Ɓeraye sun ci, sun rarrafa cikin kwandunan kifi sun mutu a ciki. Kwando uku, aikin wata guda da rabi. A bakin ƙofa kuma ga babbar magenta kwance, kumfa a baki. Ta kama ɗaya daga cikin ɓerayen ta ci.

A ranar akwai wani ɗan kasuwa da ya zo daga kudu. Ya duba, ya ce a kakkaɓe, a sake nuna wa kifin wuta, zai saya da ragi, ba wanda zai sani. Ni har na fara ɗaga kwando. Inna ta ce, "Aje." Ta dubi mutumin ta ce, "Ɗiyan wasu za su ci shi. Ban san sunansu ba, amma Allah ya sani." Ta sa na haƙa rami bayan gari, mai zurfi yadda kare ba zai tona ba, muka juye kwando uku a ciki. Magen kuma ta naɗe ta a tsumma ta binne daban.

Na jira faɗa, bai zo ba. Da ta zage ni, da na samu sauƙi. Sai kawai ta zuba mini tuwo da miyar kuka, ba mai ba kifi, ta ce, "Ci. Sule ɗaya ka so ka tsirar, ai niyyar ba muguwa ba ce." Wata biyu muna cin wannan miyar, da mai ciki a gidan. Ban iya haɗa ido da kowa ba. Na rantse ba zan sake taka Wara ba sai da kuɗin injin jirgi a hannuna, na hau motar kifi na taho.

Gidan da nake gadi akwai kare. Naman gwangwani yake ci, yana da sabulunsa, yana da likitansa. Ranar da na fara kai shi asibiti na ga takardar kuɗin, rabin albashina ne cif, a lokacin da mutane ke kwana a layi don gwangwanin madara. Na daɗe ina jin haushin dabban nan. Amma gaskiya ɗaya ce, shi bai roƙa ba, kuma masu gidan ba su taɓa riƙe mini albashi ba. Da kaska ta dame shi har maganin likita ya kasa, na zauna na cire su ɗaya bayan ɗaya, na shafa masa toka da man kaɗe yadda na ga Inna tana yi. Ya warke. Uwar gida ta tambaye ni a ina na koya, na ce a wurin wata likita a jihar Sakkwato. Ta ba ni naira biyar.

Injin jirgi kuwa, duk shekarar da na matso sai kuɗinsa ya yi gaba. Abin da na aika gida bai taka kara ya karya ba. 'Yata ta yi wayo, har tana taya kakarta soke kifi a tsinke, ba ta san fuskata ba.

Kafin Malam Ɗanjumma ya tafi, ya ce akwai saƙo. Ana saura kwana biyu ta cika, ta kira Rakiya ta nuna mata tukunyar mage, ta ce kada a bar su su koma cin na maƙwabta, abin kunya ne. Sannan ta ce a kira shi. Ya ce muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da ya duƙa.

"Ka ce ma Sahabi, kwando ukku ne. Mun manta da su tun ba a yaye ɗiyarshi ba. Shi kaɗai ya rage yana ɗauke da su. Shi aje, shi taho gida."

Ya Allah, ka jiƙan Inna, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka sanya tausayin da ta yi wa marasa baki, da amanar da ta riƙe wa mutanen da ba ta sani ba, a ma'auninta na alheri. Ka ba Rakiya haƙuri, ita da ta yi jinyar da ni ya kamata in yi, ka saka mata da mafificin sakamako. Ka raya abin da aka bari, ka sa namu ƙarshen ya yi kyau. Ni kuma ka yafe mini taurin kai. Amin.

Na gaya wa mai gida ya nemi wani mai gadi daga ƙarshen wata. Jiya bayan la'asar na zazzage abin da na tara a kan tabarma. Naira ɗari huɗu da saba'in da biyu, da kwabo sittin. In na cire kuɗin mota zuwa Wara, da turmin atamfa ɗaya na Rakiya, da takalmin yarinyar da ban san girman ƙafarta ba, abin da zai shiga gida da ni naira ɗari uku da casa'in ne.