Kawu Ya Zo Gaisuwa

Ƙaramar hukumarmu tana da sakatariya, ban ce babu ba. Gini ne mai fenti ruwan ƙwai a bakin titi, da tuta da ƙaton allo, awaki na kwana a barandarsa. Amma kowa ya san mulkinmu a Bauchi yake zaune. Ciyaman a unguwar Ɗan Iya gidansa yake, sakatare da ma'aji su ma suna cikin gari, 'ya'yansu na makarantun kuɗi. Sai wata ya mutu ake ganin motocinsu sun nufi sakatariyar a jere, su yi abin da ya kai su, kafin la'asar sun juyo, wai kada magariba ta same su a hanyar da su ne ba su gyara ba.

A ƙaramar hukumar aka haife ni, kafin koyarwa ta zaunar da ni a unguwar Fadaman Mada a Bauchi. Ƙasa ce ta riɗi da gyaɗa da shinkafar fadama. Da kaka 'yan birni su zo su kwashe amfani a wulaƙance, da bazara su sayar mana da abinmu da tsada, mu kuma yi musu godiya. Samari sun watse, wasu acaɓa, wasu haƙar kuza. Ana yawan yabon mutanenmu da haƙuri da ladabi, ni kam na daɗe da daina jin daɗin wannan yabo.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da fadama guda da ke ciyar da gidansa. Da shanu biyu yake aikinta, har shekarar da aka kawo tarakta. An yi taro da kiɗa, ciyaman ya hau ta da babbar riga aka ɗauki hoto, aka ce daga yau gunduma-gunduma za ta riƙa bi, wahalar garma ta ƙare. Kawu ya yarda. Dama 'ya'yansa maza sun tafi, ba mai kiwo, ga ɓarayin shanu, sai ya sayar da su ya yi wa ɗakunansa rufin kwano. Bayan taron ba wanda ya sake jin ƙarar tarakta a ƙauyen. Ni na san inda take, don na sha ganinta tana jan yashi zuwa wani sabon gini na ciyaman a gefen gari.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya bi. Fadama ba ta jira: in ba a yi kaftu ba kafin ruwa ya kwanta a cikinta, shinkafar bana ta wuce. Sai ga Kawu a ƙofar gidana da rana tsaka, ya sauko daga keke napep riƙe da zabi biyu da ƙwarya cike da ƙwansu.

Na ce, "Kawu, taraktar nan fa tana nan cikin gari, yashin ciyaman take ɗiba."

Ya ce, "To ai ka ga ta kusa gama nasa ke nan. Ka kai ni mu gaisa."

A wajenmu talaka ba ya buɗe baki da buƙata a gaban babba. Zai durƙusa ya yi gaisuwa, ya ajiye abin da ya riƙo, ya yi shiru. Sai babban ya ce, "Da magana?" sannan a faɗa. Wanda ya fara da kansa ya zama maroƙi, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ciyaman ya san wannan sarai, ɗan ƙasar ne, a gabansa ubansa ya sha durƙusa wa hakimi.

Muka yi ta sintiri. Yau an ce yana barci, gobe ya tafi ɗaurin aure, jibi yana ganawa. Zabin suka rame a tsakar gidana, hadari kuwa kullum sai ya haɗu ta gabas, Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Ranar da aka shigar da mu, falo ne mai sanyi kamar randa, cike da 'yan koren da aikinsu dariya in maigida ya yi tari. Kawu ya cire takalmi tun daga waje, ya zube a kan kafet.

"Ranka ya daɗe. Allah ya ja zamani."

"A'a, Baba, kai ne da kanka? Ya mutanen gida? Ya damina?"

"Damina ta yi kyau, ranka ya daɗe. Ruwa kam alhamdu lillahi."

Ya kai maganar har bakin ƙofa, ya tsaya. Na ga idon ciyaman ya sauka a kan zabin, ya koma kan tafin hannun Kawu, na tabbata ya gane. Na gyara murya zan yi magana, Kawu ya danne mini ɗan yatsan ƙafa da gwiwarsa har sai da na ji zafi. Ciyaman ya ɗauki wayarsa ya duba, ya ce a kai zabin cikin gida, a ba Baba na mota.

"Ka gaida kowa da kowa. Ku ci gaba da yi mana addu'a."

A waje raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, don Allah me muka zo yi ke nan?"

Ya ce, "Kai yaro ne. Ba ka ga yadda ya karɓe ni ba? Bai tambaya ba ne don abubuwa sun yi masa yawa."

Haushin ciyaman daban, haushin Kawu daban, ban san wanda ya fi ci na ba. Kawu ya koma gida ya tarar ruwa ya shafe fadamar. Ya gwada da fartanya a gefe-gefe, shi da matarsa, abin da suka samu ba zai kai su tsakiyar rani ba.

Bayan kaka sai ga shi kuma, wannan karon da tabarma da buta da jakar kaya, fuskarsa a sake. Ginin ciyaman ya kammala, ana neman maigadi dattijo daga gida, mai amana. Ciyaman da kansa ya ce a nemo masa tsohon nan da ya zo gaisuwa bai roƙi komai ba.

Na ce, "Fadamar fa, Kawu?"

"Na ba da aro." Ya gyara hularsa, yana murmushi. "Ka ga amfanin ladabi ko? Duk yawan mutanen da ke zuwa gidan nan, ni ya tuna."