Dokin da Na Zarga da Ƙarya

Shekarun baya masu yawa, tun gemuna bai san furfura ba, ina da wani doki bidi da na gada wurin mahaifina. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Maska, sana'ata kuwa sayen auduga. Nakan bi ƙauyuka har wajejen Malumfashi in yi ciniki, masu jakai su biyo baya su kwaso. A wancan zamani, ga mai irin wannan yawo, doki ba ado ba ne. Mahara kan faɗo ba sallama, kuma na ƙasa ake fara kamawa.

Wata damina sai dokin ya ɓullo da wani hali. Da safe in na kwance shi daga turke, sai ya riƙa taka ƙafafun gaba kamar mai tafiya kan ƙaya. In muka yi nisa, rana ta ɗaga, sai ya warware sarai. Na duba kofato, ba tsakuwa, ba rauni. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Na ce a raina, ciwon da ke zuwa lokacin ɗaura sirdi ya gudu in an doshi gida, ai wayo ne.

Sai na shiga gwada shi. Ranar farko na ajiye sirdi a gabansa, ya yi ɗingishi. Washegari na ɓoye sirdin na fito da harawa, ya ɗingiso ya zo ya ci. Rana ta uku na laɓe bayan rumbu ina leƙensa, wai in kama shi yana tafiya daidai in ya ga ba kowa. Ina nan tsugune mahaifiyata ta zo ɗiban dawa ta same ni.

"Lafiya? Ɓarawo ka gani?"

"A'a Inna, doki nake dako. So nake in gane ko ƙarya yake mini."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da uwa ke yi in tana tunanin inda ta yi kuskure. Sannan ta dubi dokin.

"Yau ya fi jiya tauri, ko?"

"Haka ne. Ya aka yi kika sani?"

"Gwiwata ta faɗa mini. Gobe ma sai ya fi haka in hadarin nan ya sauka. Sanyin ƙashi ne, ba ya sakin mutum sai jiki ya yi ɗumi."

Ban gaskata nan take ba. Kwana bakwai na yi ina lura da su biyun, sai na ga duk safiyar da ta fito tana dafa bango, shi ma ranar da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Ban taɓa gaya mata ina auna ta da doki ba, da na sha muciya.

Wani abokina, wanda dillancin dabbobi ne sana'arsa, da ya ji labari sai ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Kai shi kasuwa bayan azahar, jikinsa ya saki. Ka wanke shi, ka taje masa geza. Wa zai gane?" Ba zan ɓoye ba, kwana biyu maganar tana mini daɗi. Abin da ya hana ni, na san wanda ya saya zai wayi gari ya ga ɗingishi, ya yi zaton wayo ne kamar yadda na yi, shi kuma bulala zai ɗauka.

Sai na ja shi zuwa rugar wani tsohon Bafillatani da ake cewa hannunsa ya san dabba. Bai tambaye ni komai ba. Ya shafa ƙafar tun daga kafaɗa har ƙasa, ya kamo hannuna ya ɗora kan gwiwar, sannan ya lanƙwasa ta a hankali. Na ji wani gurzawa a ƙarƙashin tafina, kamar ana murza dutsen niƙa ba hatsi.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Maiƙon da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ne ya ƙare, ɗana."

"Ina yake tafiya?"

Ya yi dariya. "Inda ƙuruciya ke tafiya."

Na tambaye shi ko a yi masa lalas, wato a ɗora ƙarfe mai zafi a wurin. Ya ce wasu na yi, amma shi bai taɓa ganin wuta ta mayar da maiƙo ba. Ya ce in riƙa shafa masa man kaɗanya, in mayar da turkensa inda rana ke fara faɗawa, kada kuma in bar shi ɗaure wuri ɗaya.

"To hawa fa?"

"Zai ɗauke ka. Irin wannan ba ya cewa a'a. Kai ne za ka ce."

Na dawo gida ban ce ba. Da kaka ta yi, auduga ta fashe a gonaki, masu saye sun bazu, na ce tafiya ɗaya dai. Mun je lafiya. A hanyar dawowa, da sassafe, muka zo gangaren wani rafi. Muna tsakiyar gangara ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zube kan gwiwoyinsa. Da ya mirgina, da ƙafata ta tafi. Bai mirgina ba. Ya ƙame wuri ɗaya, jikinsa na rawa, har na zare ƙafafuna daga likkafa na sauka. Sai a lokacin ya kwanta.

Da ya samu ya miƙe, na kwance sirdin na ɗora a kaina. Haka muka shigo gari da la'asar, ni a gaba, shi a baya. Dattawan da ke zaune ƙofar gari suka yi ta dariya, ɗayansu ya ce, "Sannu da ɗawainiya! Saura linzami, sai ya hau ka." Ni ma na dara, don dai gaskiyarsa.

Daga ranar ba a ƙara ɗora masa sirdi ba. Na koma bin ayarin masu jakai a ƙasa, don tafiya ni kaɗai ta zama kasada. Masu dawaki suka riƙa riga ni zuwa gonaki, sai ragowa nake tararwa. Shekara biyu na yi haka kafin Allah ya hore mini wani dokin. Tsohon dokin kuwa ya ƙara damina uku, yana kiwo bayan gida ba dabaibayi, har ya mutu a inuwar wata ɗorawa.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne, amma ya zauna mini: na ɓata kwana da kwanaki ina neman ƙarya a wurin wanda ke ɓoye mini rabin ciwonsa. Tun daga nan, in mai haƙuri ya ce wayyo, ba na neman shaida.

Abu ɗaya ne har yau ban warware ba. A shekarun nan kafin ya mutu, duk ranar da zan yi tafiya, ina fitowa nake tarar da shi tsaye a bakin zaure, ƙafafu sun sandare, ya juyo mini bayansa yadda ya saba in za a ɗaura sirdi. Hanyar yake marmari, ko kuwa gani yake har yanzu aikinsa ne? Na tambayi masana dawaki da dama, kowa da tasa. Ni dai nakan shafa wuyansa in wuce, kuma ban taɓa iya waiwayowa ba sai na sha kwana.