Hancin Kawu Direban Shara

Kawuna direban motar kwashe shara ne, kuma abokan aikinsa kan ce don aikin aka halicce shi. In sun isa juji kowa sai ya ɗaure hanci da ƙyalle, shi kuwa ya zauna a bakin mota yana cin burodinsa hankali kwance. Ba jarumta ba ce. Wata tsoka ce ta tsiro masa a cikin hanci tun yana saurayi, ta toshe ko'ina. Da baki yake numfashi, ƙamshi da wari duk ɗaya ne a wurinsa.

Munsharinsa ne ya ishe mu, muka yi ta yi da shi har ya yarda aka yi masa tiyata. Ranar da ya koma aiki sai da ya yi amai, abokai suka sha dariya. Wannan bai dame shi ba. Da ya dawo gida ne ya tuɓe rigar aiki zai rataya a ƙusar da ke dab da gado, inda yake rataye ta tun aurensu, sai warinta ya buge shi.

"Haka nake shigo miki kullum?" ya tambayi matarsa.

"To, da ina za ka shiga?" in ji ta, ta ci gaba da ninke kaya.

Ban taɓa jin tausayin Kawu irin na ranar ba. Ya zare ƙusar nan ya kafa ta a waje. Daga nan ba ya taka ɗaki sai ya yi wanka ya sansana hannuwansa.

Ba a daɗe ba tsokar ta dawo. Likita ya ce wasu sinadarai ne a naman hancinsa ba sa hutawa, ko an sake yankewa tana iya sake tsirowa. Kawu ya koma in ya yi wanka sai ya miƙa wa matarsa hannu ta sansana. Kullum lafiya lau take cewa, shi kuma bai yarda ba.

"Ka bar tsokar nan, malam!" in ji abokan aiki. "Ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama."

Matar ma ta ce ya hutar da kansa daga wuƙar likita, ita ta riga ta saba.

"Sabon nan naki shi ne ba na so," in ji Kawu. Ya juyo ya ce mini in shirya, ni zan raka shi asibiti.